KAFIN SU YI SUNA: Littattafan Yara A Kan Ƙuruciyar Makaɗa

Da kaka, sa'ad da aka yanke dawa aka kwantar da kara a gonakin Mahuta da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ba wanda zai rasa jin kiɗan yara. Wannan ya fafe kara ya yi sarewa, wancan ya ɗaure bakin gwangwani ya yi ganga, 'yan mata kuwa suna tafi suna gaɗa a dandali. Wani uban yakan yi dariya ya wuce. Wani kuwa yakan ɗauko tsumagiya, ya ce gidansa ba a gaji roƙo ba.

Wane ne ya yi daidai a cikin iyayen nan biyu? Kafin mu amsa, bari mu duba waɗansu littattafan yara da ake bugawa a Amurka. Labarinsu duka iri ɗaya ne, watau yadda shahararrun makaɗa suka yi zamansu tun suna ƙanana, kafin kowa ya san sunansu. Yawancinsu ba su wuce shafi 32 ko 40 ba, da manyan hotuna masu launi da magana kaɗan, domin uwa ta karanta wa ɗanta kafin ya yi barci. Makaɗan da aka fi ba da labarinsu su ne masu kiɗan jaz.

MENE NE JAZ?

Jaz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. Ya tashi a farkon ƙarni na 20 a birnin Niyu Oliyans, kusa da inda kogin Misisifi ya faɗa teku. A zamanin bauta akwai wani fili a birnin inda akan bar bayi su taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na ƙasashensu. Daga wannan kiɗa, da waƙoƙin aiki na gonakin auduga, da waƙoƙin sujada na majami'un baƙaƙe, da ƙahonin Turawa irin na soja, aka haɗa jaz.

Bahaushe ba zai ji shi baƙo sosai ba. Akwai mai bayarwa da masu amshi, kamar yadda muke yi a gayya. Gwanin jaz kuma shi ne wanda yake ƙaga sabon abu nan take a gaban jama'a, ba sai ya haddace ba. Duk wanda ya taɓa jin yadda Mamman Shata yake tsara waƙa a tsaye ya riga ya fahimci wannan.

YARON DA YA HARBA BINDIGA

An haifi Louis Armstrong a Niyu Oliyans a shekarar 1901, a wata unguwar matalauta. Ubansa ya bar gida tun yana jariri, kakarsa ce ta fara renonsa. Yana ƙarami ya shiga aiki wurin waɗansu Yahudawa, iyalin Karnofsky, masu sayen tsummoki da tsofaffin ƙarafa da sayar da gawayin kwal. Yakan hau keken dokinsu yana busa wani ƙahon gwangwani domin a san sun iso. Mutanen nan suka riƙe shi kamar ɗa, suna ba shi abinci, har suka ranta masa kuɗi ya sayi tsohon ƙaho. Har ya tsufa bai manta da alherinsu ba.

A daren ƙarshe na shekarar 1912, yana da shekara 11, ya ɗauko ƙaramar bindiga daga gida ya harba sama a kan titi don murnar sabuwar shekara. Aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara. To, a nan ne abin ya juya. A gidan akwai malamin kiɗa, Peter Davis. Da fari bai yarda da yaron ba, gama ya san unguwar da ya fito. Amma a hankali ya ba shi ƙananan kayan kiɗa, sa'an nan begila, sa'an nan ƙaho na sosai, har ya sa shi shugaban makaɗan gidan. Da ya fito a 1914, ya fito da sana'a a hannu.

Wannan yaro shi ne wanda duniya duka ta zo ta sani. Ya ziyarci Gana a 1956. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya zo ƙasarmu, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Ya rasu a 1971. A shekarar 1997 wata marubuciya, Roxane Orgill, ta rubuta wa yara labarin ƙuruciyarsa a littafi mai suna If I Only Had a Horn, watau begen yaron da yake so ya sami ƙaho. Littafin bai ɓoye talauci ba, bai ɓoye harbin bindiga da kamu ba. Yaro mai karatu yana ganin laifi yana da sakamako, yana kuma ganin laifi ɗaya ba ya ƙare rayuwar mutum.

Alherin da aka yi wa Armstrong bai tsaya a kansa ba. A Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariyar launin fata, wani firist na Anglikan, Trevor Huddleston, ya samo wa wani ɗalibinsa ɗan shekara 14 ƙaho. Da labarin makaɗan makarantar ya kai kunnen Armstrong, sai ya aika musu da ƙahonsa kyauta a 1956. Ɗalibin nan shi ne Hugh Masekela, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan mabusan Afirka, ya rasu a 2018.

KUNNE KAFIN HANNU

Wani littafin da ya kamata iyaye su san da shi, Carole Boston Weatherford ce ta rubuta shi a 2008, sunansa Before John Was a Jazz Giant. Labarin John Coltrane ne, wanda aka haifa a 1926 a jihar Karolina ta Arewa. Kakanninsa maza biyu duka masu wa'azi ne, ubansa kuwa tela ne mai son kaɗa 'yar garayar Turawa. Marubuciyar ba ta dame yara da kwanan wata ba. Sai ta bi abubuwan da yaron ya riƙa ji: ƙarar tukwane a madafar kakarsa, kukan jirgin ƙasa, wa'azin kakansa, waƙoƙin sujada, kukan tsuntsaye da asuba. Abin da take koyarwa shi ne, kafin hannu ya iya kiɗa sai kunne ya iya saurare. Yana da shekara 12 mutuwa ta shiga gidansu, kakansa da ubansa suka rasu cikin 'yan makonni. Ba da daɗewa ba ya soma busa, ya riƙe ta da ƙarfi.

'Yan mata ma ba a bar su a baya ba. An haifi Melba Liston a 1926. Tana da shekara 7 ta zaɓi wani dogon ƙaho wanda ake zuge shi gaba da baya, ana ce da shi turombon. Hannunta bai kai ƙarshensa ba, amma kakanta ya yi ta ƙarfafa ta. Shekara guda bayan haka aka ji ta tana busa a gidan rediyon garinsu. Da ta girma ta sha wuya don ita mace ce a cikin maza, kuma baƙar fata ce a zamanin wariya, duk da haka ta zama gwanar tsara kiɗa. Ita ce ta tsara kiɗan faifan da Randy Weston ya yi a 1960 don murnar 'yancin ƙasashen Afirka. Katheryn Russell-Brown ta rubuta wa yara labarinta a 2014.

Akwai kuma wanda ya rubuta nasa da kansa. Troy Andrews, haifaffen Niyu Oliyans a 1986, ya ba da labari a littafinsa na 2015 yadda shi da abokansa suka riƙa haɗa kayan kiɗa da kwalaye da kwalabe, gama ba su da kuɗin sayen na gaske. Ya sami wani tsohon turombon wanda ya fi shi tsawo, daga nan aka laƙaba masa suna Trombone Shorty, watau gajere mai dogon ƙaho. Ashe yaran da ke kaɗa gwangwani a Mahuta suna da 'yan'uwa a ƙetaren teku.

NAMU NA GIDA

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da makaɗan Amurka? Gaskiya ne, ba sai mun haye teku ba. Ƙasarmu ta kudancin Katsina tana da nata labarin wanda bai gaza nasu ba.

An haifi Mamman Shata a Musawa a 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Ubansa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya yi waƙa ba, gama a ganin mutanen lokacin waƙa roƙo ce, ɗan mutunci kuwa ba ya roƙo. Shata ya yi tallan goro, ya yi tallan alewa, yana tafe yana waƙa don jawo masu saye. Da dare yakan fita dandali wurin samari da 'yan mata, nan ya fara gwada muryarsa ya ga ba mai kama ƙafarsa. Daga baya ya koma Bakori, a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, inda wani ɗan sarautar Musawa, Abdullahi Inde, mai aikin sayen auduga da gyaɗa, ya riƙe shi. A 1952 ya yi waƙa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, daga nan sunansa ya bazu. Ya yi shekaru masu yawa yana zaune a Funtuwa. Ya yi wa sarakuna waƙa da kalangunsa, ya yi wa manoma, ya yi waƙoƙin faɗakarwa a kan lafiya da zaman lafiya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a watan Yuni 1999, aka binne shi a Daura. A shekarar nan ce Melba Liston ma ta rasu.

Ga kuma Hajiya Barmani Coge, mutuniyar ƙasar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kiɗan ƙwarya na amada da ta yi suna da shi kiɗan cikin gida ne, wanda mata ke yi a biki da suna, kowace yarinya ta tashi tana jinsa. Tana cikin waɗanda suka fito da shi fili, ta riƙa yi wa mata gargaɗi su tashi su kama sana'a.

Na uku shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946. Ubansa makaɗin sarki ne, ya rasu ba da daɗewa da haihuwarsa ba, uwarsa ma ta bi tun yana jariri. Sarkin da uban ke yi wa kiɗa shi ya ɗauke shi ya rene shi. Yana yaro ya je Maiduguri, ya ga masu kaɗa kuntigi, da ya komo gida sai ya haɗa nasa. Mene ne kuntigi? Ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ɗan abu ya zagaya ƙasashen duniya. Ya fi son yi wa talakawa waƙa, kamar karen mota, da yin gargaɗi a kan zaman aure da gulma. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 2015. Wane maraya ne a cikin garuruwanmu da ba zai ɗaga kai ba idan aka karanta masa wannan labari?

TSORON IYAYE BA WAUTA BA NE

Kada mu yi wa uban nan mai tsumagiya dariya. Yana da dalili. Ya ga yaran da kiɗa ya raba da makaranta da gona. Ya ga yawon dare, da shaye-shaye, da miyagun abokai. Makaɗan da muka ambata ma ba tsarkaka ba ne. Coltrane kansa ya faɗa cikin shan giya da ƙwaya, sai a 1957 ya rabu da su da ƙyar, ya kuwa shaida cewa alherin Allah ne ya fid da shi. Ya rasu a 1967 yana da shekara 40 kaɗai. Ba kowace waƙar Shata ba ce za a koya wa yaro.

Amma ku lura da abu ɗaya a cikin labaran nan. Kusan kowane yaro akwai wani babba da ya tsaya kusa da shi. Armstrong yana da Peter Davis da iyalin Karnofsky. Melba tana da kakanta. Masekela yana da firist ɗin makarantarsu. Ɗanmaraya yana da sarkin da ya rene shi. Shata kuwa, hanin da aka yi masa a gida bai hana shi waƙa ba, sai dai ya sa ya nemi mai riƙe shi a waje. Idan baiwa tana jikin yaro, duka ba ya fid da ita, sai ya koya masa ɓoyewa. Yaron da ke ɓoye wa iyayensa abin da yake so kuwa, wani ne zai bi da shi, ba su kuma san ko wane ne ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya riƙe iccen da hannu.

Saboda haka maimakon a fasa gangar yaro, a sa masa ƙa'ida. Sai an dawo daga makaranta, an yi aikin gida, an kai taki gona ko an ɗebo ruwa, kana a yi kiɗa. A san inda yake yi, da waɗanda yake yi tare da su, da irin waƙar da ke bakinsa. A haɗa shi da wani dattijo mai hankali wanda ya iya. Cikin ikilisiyoyinmu akwai ƙungiyar mawaƙa, da zumuntar mata masu kiɗan tulu da caki, da ƙungiyoyin yara masu ganga da begila. Masu karatu sun san labarin Dawuda, autan Yesse, wanda ya iya molo tun yana kiwon tumakin ubansa, har aka kira shi fada ya kaɗa wa sarki Saul. Kiɗan bai hana shi kiwo ba.

Ba kowane mai kaɗa gwangwani zai zama Shata ba, kuma ba wannan ake nema ba. Yaron da ya koyi kiɗa ya koyi saurare, da haƙurin maimaita abu sau ɗari, da jiran lokacinsa a cikin jama'a. Waɗannan za su yi masa amfani ko ya zama manomi, ko malami, ko likita.

INA LITTATTAFANMU?

Hausa tana da tarihin littattafan yara mai kyau. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a shekarun 1930, har yau ana karanta shi. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu arha don sababbin masu karatu, daga 1966 kuma kamfanin NNPC na Zariya ya ci gaba da aikin. A kan makaɗa ma an yi rubutu. Dandatti Abdulƙadir ya yi binciken digirinsa na dakta a kan Shata a Amurka a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da babban littafin Shata Ikon Allah a 2006. Amma waɗannan duka na manya ne da ɗaliban jami'a. Yarinya 'yar aji uku ba za ta iya da su ba.

Littattafan Amurka da muka ambata kuwa da Turanci suke, suna da tsada, samunsu a ƙauye sai an sha wuya. Ko an samu ma, yaro ya fi saurin kama karatu idan labarin da harshensa ne, kuma a cikin hoton ya ga rumbu da kara da kasuwa irin ta garinsu. Wannan kira ne ga marubutanmu da masu zane da malaman firamare: ga yaro mai tallan alewa a Musawa, ga maraya mai gwangwani a Bukuru, suna jiran mai rubuta su.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa jinsu a rediyo ba. Kowane gari yana da mai gangar noma wanda in ya buga a gayya samari sukan manta da gajiya. Akwai tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da niƙa da reno. Akwai dattijon da ya fara sa waƙoƙin sujada a kan muryoyin gargajiya. Yanzu da injin niƙa da maganin feshi suka rage aikin hannu, waƙoƙin aiki suna tafiya tare da masu su. Tsoho ɗaya in ya rasu ba a tambaye shi ba, labarinsa ya tafi ke nan.

YADDA ZA KU YI NAKU LITTAFIN

Wannan aiki bai fi ƙarfin iyali ɗaya ba, ko aji ɗaya na makarantar Lahadi. Ga hanya.

Ku zaɓi tsoho ko tsohuwa a cikin dangi ko unguwa wanda aka sani da kiɗa ko waƙa. Ku je da yara ku gaishe shi yadda ya kamata, ku roƙi izninsa. Bari yaran su yi tambaya da bakinsu: "Baba, wane sauti ka fara ji kana yaro? Wa ya koya maka? Da me ka yi gangarka ta fari? Iyayenka sun yarda? Wace wahala ka sha?" Wanda ya iya rubutu ya rubuta. In akwai waya mai ɗaukar murya, a ɗauka a ajiye.

Sa'an nan ku samo farar takarda guda 4, ku haɗa su ku ninka biyu, ku ɗinke tsakiya da zare da allura. Kun sami shafi 16. In kun sa takarda 8, kun sami shafi 32, daidai da littattafan Amurka. A kowane shafi a rubuta magana ɗaya ko biyu da manyan baƙaƙe, sauran wurin yara su yi zane. Ku tsaya a kan ƙuruciyar mutumin, gama ita ce yaro zai gane. Kada ku ƙara gishiri, kada kuma ku ɓoye wahala. A bangon baya a rubuta sunan mai labarin, da garinsa, da shekarar da aka rubuta, da sunayen yaran da suka yi zane.

In an gama, a koma wurin tsohon a karanta masa a gaban jikokinsa, in akwai kuskure ya gyara. Daga nan littafin ya riƙa zagaya gidaje. Idan gida goma a gari ɗaya suka yi haka a rani guda, garin ya sami ɗakin karatu na littafi goma waɗanda babu irinsu ko'ina a duniya.

Ya ku iyaye, rani yana da dogon dare da ƙarancin aikin gona. Ku zauna da 'ya'yanku, ku gaya musu labarin Armstrong da Ɗanmaraya da Shata, sa'an nan ku tambaye su wane tsoho za ku fara ziyarta.